Taɓaryar Gwaggo Hermelinda

Tun ina yaro Baba Eleuterio ke fama da tambaya ɗaya: igwar wa ta kashe mahaifinsa a yaƙin Chaco da ƙasarmu ta gwabza da Bolibiya, tasu ko tamu? Wani tsohon soja ya taɓa raɗa masa cewa namu ne suka kuskure saiti, tun ranar maganar ta hana shi sakat.

Bana ni da Baba muka je ramin sojojin da aka ce nan kakana ya faɗi, da na'urar neman ƙarfe ta aro. Ƙaya ta yayyage mana wanduna, muka yi ta tono gwangwanaye har bakina ya gaji da tsaki. Can sai ga kan harsashin igwa, 'yar tagullar nan mai tayar da shi, ta yi kore shar. Rubutun jikinta ne zai faɗi ƙasar da ta saye ta.

Da muka dawo gida na ajiye ta kan taga na ɗan kishingiɗa. Ina tashi na tarar Gwaggo Hermelinda, ƙanwar Baba ta wajen uwa, ta dirje ta da toka da lemun tsami, tana daka ganyen tereré, shayinmu na ruwan sanyi, da ita a ƙaramin turmi.

"Gwaggo! Kashe mu za ki yi?"

"Abin da ya fashe tun ba a haifi uwarka ba? Kauce ka ba ni wuri. Taɓaryata ta tsage, wannan kuwa ta zauna a hannu."

Rabin rubutun ya bi toka. Raina ya ɓaci har na kasa shan tereré ɗin.

Haka muka kai tagullar garin Filadelfia na nan yankin Chaco, gun wani dattijo Don Nicasio, mai tara irin wannan tarkace. Ya daɗe yana juya ta ƙarƙashin gilashi, yana mita a kan masu wanke abin da ba a sa su ba.

"Ta Bolibiya ce," ya ce.

Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya yi alamar gicciye, idonsa ya kawo ruwa.

"Af, Don Eleuterio, yaushe ma tsohon naka ya rasu?"

"Shekarar da aka haife ni, gab da Kirsimeti."

"Kash! Ai lokacin mun ƙwace musu igwogi da harsasai jingim. Da kayansu muke harbinsu."

Ji na yi kamar in shaƙe mutumin. Wa ya tambaye shi?

Baba ya karɓi tagullar, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Wato dai," ya ce a hankali, "zan mutu ban san wanda zan yafe wa ba."