Furen Mama a Firjin Injiniya

Furen sukari, in an bar shi lafiya, sai ya shekara goma bai ce uffan ba. Kwali yake so da auduga, da duhun kabad inda babu laima. Ko ɗalibar da ta yi sati biyu a shagona na kek ta san wannan. Yayana ne kaɗai bai sani ba, shi da ya karanta injiniya kuma ba a gaya masa magana.

Furanni uku ne masu ruwan hoda. Mamarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta yi su a kan kek ɗin da muka yanka ranar da Baba ya ajiye aiki, kuma su ne aikin hannunta na ƙarshe. Shekara bakwai suna cikin kwalin takalmi a saman kabad ɗin Baba. Duk wanda ya zo gaishe shi, sai an sauko da kwalin ya gani.

Da za a yi wa ɗakin Baba fenti, sai Yaya ya ce kwalin takalmi raini ne ga marigayiya, shi zai adana su yadda ya kamata. Na roƙe shi da girman Allah kada ya kai su inda sanyi yake. Ya yi mini kallon 'yar kwaɓa fulawa, ya ce sukari abinci ne, abinci kuwa sanyi ke riƙe shi, wai kimiyya ce. To, wa ya isa ya ja da kimiyya? Ga shi ya sayi sabon firji mai ƙofa biyu, wanda har ƙara yake yi in an bar shi a buɗe.

Bayan sati biyu ya kira ni. Da na je, na tarar da kwanon gilashi mai murfi a cikin firjin, a gefen ragowar miya, gumi na tsiyaya a cikinsa. Furannin sun narke sun haɗe, kamar an tauna cingam an tofar. Injiniya kuwa ya zuba hannu a aljihu yana bayani: laifin masu ɗauke wuta ne, sannan murfin ma ba na kirki ba ne. Matarsa ta ƙura wa ƙasa ido, ashe ita ma ta gaya masa.

"Ki yi wasu mana," in ji shi. "Ai sana'arki ce. Baba ba zai gane ba."

Yau kuma 'yar kwaɓa fulawa ta yi rana. Na so in ce ya ɗauki kwanonsa ya je ya yi wa Baba lacca a kan wutar lantarki. Sai na tuna yadda tsohon nan yake goge hannu a riga kafin ya taɓa kwalin, na haɗiye maganata.

Kwana uku na yi a kansu. Mama ba ta aiki da ƙarfen murzawa irin nawa, da babban yatsa take matse kowane ganyen fure a tafin hannunta, bakinsa ya fito da kauri, ɗan a karkace. Dole na ajiye duk gwanintata na koyi yin kuskurenta, na rage kalar don su yi kama da tsofaffi.

Ranar da muka mayar da kwalin da sababbin furannin a ciki, Baba ya buɗe, ya daɗe yana kallo.

"Ku duba fa. Shekara bakwai, ko tsagewa babu. Hannun uwarku daban ne."

Yaya ya gyara tsayuwa ya ce ai ajiya ce mai kyau. Baba ya juyo gare ni, ya ce in dage da koyo, wataƙila wata rana in kamo ta. Na ce to, Baba. Yanzu duk baƙon da ya zo, ni ake sawa in sauko da kwalin.