Hannun Halilu Mai Fenti

"Riƙe mani tsanin ga da kyau, Manu, ƙahwata na rawa."

Manu tela ya baro kekensa ya zo ya dafe tsanin. Maƙwabcinsa Halilu mai fenti ne a sama, yana rubutu a goshin sabuwar motar Alhaji Tanko. Tun damina ciwon ƙirji ke cinsa, ya rame har riga na lilo a jikinsa.

"Sauko, Malam Halilu. Motar ba gudu za ta yi ba."

"Jigilar Anka za ta shiga. Ka taɓa ganin amarya ta hita ba lalle?"

Duk Gummi an san hannun Halilu. Ba ya yin baƙaƙen nan masu tsayuwa ƙiƙam irin na allon gwamnati. Nasa a kishingiɗe suke, wannan na riƙe da jelar wancan, kamar mutum ya zauna yana rubuta wa ɗan'uwansa gaisuwa. Masu shayi da masu kemis da direbobi shi suke nema, har daga Bukkuyum. Sau ɗaya aka ba shi allon wani ofis, aka dawo masa da shi, wai rubutun ya yi kama da wasa.

Ya rubuta "Sannu Ba Ta Hana", sai tari ya sarƙe shi. Manu ya rungumo shi ya sauke, ya ga jini a gefen bakinsa. Ya goya shi zuwa gida, Hure matar Halilu ta shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Alhaji Tanko ya zo dubiya ya ce mota ta jira har ya warke. Halilu ya girgiza kai.

"Ba a barin magana rabi. Manu, kai za ka ida ta."

"Ni? Allura hannuna ya sani."

"Ba kana zanen alli bisa yadi ba? Tashi."

Aka kawo motar ƙofar gida, aka jingina Halilu da bango. Manu ya hau tsani, gumi na keto masa.

"Kak ka shaƙe buroshin! Sake mashi wuya, bar shi shi tahi."

Da ƙyar "Zuwa" ta fita, harafin ƙarshe ya gangara ƙasa. Halilu ya daɗe yana kallo.

"Ya yi muni," ya ce, "amma ana karantawa."

Ran Alhamis bayan la'asar Halilu ya cika. Hure ce ta leƙo shagon Manu, mayafinta a karkace. Ya tsayar da keken.

Shi da liman suka yi masa wanka. Da suka zo hannun dama, Manu ya ga shuɗin fenti ƙarƙashin farce. Ya cuɗa, ya sake zuba ruwa, bai fita ba.

"Bar shi haka nan," in ji liman.

Manu ya miƙar da yatsun a hankali, ya jawo likkafani ya rufe.