Abin da Duk Gari Ya Ɓoye wa Lorna

Lorna Kubik ta kashe doki, ta kashe burodi, ta kashe taurari, kuma duk da zuciya ɗaya ta yi. Kar a ɗauki alhakinta, ba muguwar mace ba ce. Cikin mu iyayen da ke koyar da 'ya'yanmu a gida a wannan lungu na Pennsylvania, babu wadda ta kama ƙafarta a himma. Himmar ce ma ta jawo komai.

Da doki aka fara. 'Yarta Thea tana da shekara bakwai, suna tafe a mota, ta hango wani a makiyaya ta ce, "Mama, ina son dawaki." Shi ke nan, ta jawo wa kanta. Kafin Litinin Lorna ta kwaso littafi goma sha huɗu daga laburare. Lissafi ya koma in doki ɗaya na cin dami kaza a rana, guda tara fa? Darasin rubutu ya koma bayani a kan haƙoran doki. Tarihi doki, zane doki. Bayan wata biyu, in sun zo wuce makiyayar nan, sai Thea ta kau da kai tana kallon ɗaya tagar.

Da yarinyar ta nuna tana son gasa burodi, aka dasa mata yis, abin kumbura ƙullu, a kwalba da takardar da za ta riƙa cikewa duk bayan awa ɗaya. Taurari kuwa ko sati uku ba su yi ba.

"Yarinyar nan ba ta da naci," Lorna takan ce wa mijinta Gil. "Komai ta ɗauka, kwana biyu ta yar."

Gil makanikin tarakta ne, kuma tun farkon aure ya gano cewa shiru ma amsa ce. Sai ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa.

Bana Thea ta cika sha ɗaya, kuma ba ta son komai. In uwar ta tambaye ta abin da take sha'awa, sai ta ce, "Ba komai, Mama." Abu ɗaya take yi ba fashi: ƙarfe uku na yamma ta ratsa gona zuwa gidan Misis Pavlik, tsohuwar da mijinta ya rasu, wai tana taya ta kwashe ƙwai da sa zare a allura. Lorna ta rubuta wannan a ƙarƙashin taimakon maƙwabta, ta ci gaba da damuwarta.

Damuwar kuwa ta kundi ce. Ƙarshen kowace shekarar karatu akwai malamar da ke zuwa gida ta duba kundin aikin yaro darasi-darasi, in ta gamsu ta sa hannu. Kundin Lorna sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi. Amma in aka buɗe ɓangaren kiɗa, farar takarda ce fes. Da akwai wata sarewar roba da aka saya a farkon shekara, sai dai Gil ya bi ta kanta da mota bisa kuskure, ya kuma dawo da baya ya sake bi, shi ma bisa kuskure. Ga shi Misis Dunkle mai duba kundi za ta zo ran Juma'a.

Ran Litinin da yamma Lorna ta tuna da kwanon Misis Pavlik da ya kwana biyu a wurinta. Ba a mayar da kwano haka nan, don haka ta zuba taliya da kabeji ta ratsa gonar. Tun daga wajen akurkin kaji ta fara jin kiɗa, irin na rawar bikin tsofaffin garinmu, mai sa ƙafa motsi ko mutum bai so ba. Ta ɗauka rediyo ne. Ta leƙa tagar kicin.

Thea ce. Tana tsaye rungume da akodiyon, ƙaton abin kiɗan da ya kusa rufe ta daga haɓa zuwa gwiwa, tana ja tana matsewa kamar zugazugin maƙeri, yatsunta na gudu a kan maɓallan. Tsohuwa na zaune tana buga cokali a tebur tana cewa, "Kar ki yi masa rowar iska, 'yar nan, ja shi!" Thea na dariya har da jefa kai baya. Lorna ta manta rabon da ta ga wannan dariyar.

Wani daɗi ya rufe ta har ƙwalla ta taru mata. Ta ajiye kwanon a kan dakali, ta zaro waya ta ɗauki bidiyon minti biyu ta jikin labule, ta juya da sanɗa. Kafin ta kai tsakiyar gona ta gama tsara darasin wata shida a ka.

Da Gil ya shigo daga gareji, firinta ya tarar tana ta aman takardu. Ya ɗauki ɗaya: taswirar ƙasar kakannin Misis Pavlik, a cike sunayen koguna. Ya ɗauki wata: yadda iska ke zama sauti, tambaya goma sha biyu. Ya zauna a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Kin gano ke nan," ya ce.

"Gil, ba za ka yarda ba, 'yarmu tana..." Ta tsaya. "Kamar ya na gano? Kai ka sani?"

"Tun kaka."

"Tun kaka! Wata takwas kana kallona ina neman abin da zan sa a shafin kiɗa?"

"Ba ni kaɗai ba ne. Fasto ya sani. Mai kawo wasiƙu ya sani, har tsayawa yake ya saurara. Matan ƙungiyarku ta ran Laraba duk sun sani."

Gaskiya ya faɗa, mun sani, kuma ko yau aka sake haka za mu yi.

"To ni me na yi da za a mayar da ni saniyar ware?" in ji Lorna. "Ni ce uwarta! Ni ce malamarta!"

"Ta biyun nan ce matsalar." Gil ya murza hularsa. "Thea ce ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana roƙo. Cewa ta yi, in Mama ta sani, za ta mayar da shi makaranta."

"Sharri ne wannan! Yaushe na taɓa..."

Gil ya ɗaga takardar kogunan nan ya riƙe mata a gaban fuska.

"Wannan ai ɗan ƙarin haske ne kawai."

"Lorna, ina doki?"

Maganar ta soki Lorna, don ta san ba ƙarya a ciki, kuma babu abin da ya kai gaskiyar miji mai shiru-shiru ciwo. Ta kwashe takardun, shafi talatin da ɗaya, ta dunƙule ta cusa a kwandon shara. Bidiyon dai ba ta goge ba.

Kwana ukun da suka biyo baya Lorna ta sha azabar da ba ta taɓa sha ba. Ashe yarinyar ko'ina kiɗa take yi, ita ce ba ta lura ba. A teburin cin abinci yatsun hagunta na tafiya a gefen faranti, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu. Ilimi ya taso wa Lorna har maƙogwaro.

"Thea, ko kin san cewa asalin..."

Gil ya taka mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur da takalmin aikinsa.

"...akwai sauran dankali a tukunya?"

"Na ƙoshi, Mama," in ji Thea, tana yi mata wani irin kallo.

Ran Laraba aka ga Lorna a laburare ta ɗauko wani littafin kayan kiɗa, ta kai shi har gaban teburin aro, ta tsaya, ta mayar da shi, ta sake ɗaukowa. Sai da ma'aikaciyar ta tambaye ta ko lafiya.

Juma'a ƙarfe goma Misis Dunkle ta iso. Shekara talatin ta yi tana koyarwa kafin ta yi ritaya, tabaranta na rataye da sarƙa a wuya, kuma ba a taɓa jin ta sa hannu a abin da ba ta gani da idonta ba. Ta zauna a falo da kofin shayi tana buɗa kundi. Lissafi ta ce madalla. Kimiyya ta ce kai, sannu da ƙoƙari. Ta yi wa Thea tambayoyi, yarinya ta amsa tsaf. Sannan ta kai farar takardar nan, ta juya bayanta ko rubutun na can, ta sauke tabarau.

"Misis Kubik, ina kiɗa?"

"An samu ɗan hatsari da sarewa," in ji Lorna. Gil, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya shiga duban silin.

"Ni ba mai tsanani ba ce, amma ba zan sa hannu a kan babu ba. Ko ɗan wani abu ne a nuna mini. Shekara guda cur, ba ta taɓa wani abin kiɗa ba? Ba ta koyi komai ba?"

In babu sa hannun nan, magana sai ta kai ofishin ilimi, a fara aiko da wasiƙu da tambayoyi. Daga nan kuma ta kai kunnen ƙanwar Gil, malamar makarantar gwamnati, wadda ta shekara shida tana jiran ranar da za a ce koyarwar gida ta gaza. Wayar na cikin aljihun rigar Lorna, har ta ɗora hannu a kai. Minti biyu kacal, Misis Dunkle ta sa hannu har da yabo, a kuma rubuta akodiyon a kundi, baɗi a nemi ganin ci gaba.

Ta dubi Thea. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta cusa hannayenta biyu tsakanin gwiwoyi ta matse, kamar mai ɓoye abin da za a ƙwace mata.

Lorna ta zare hannunta daga aljihu ta miƙe tsaye.

"Waƙa muke yi," ta ce. "Ni nake koya mata. Da kaina na tsara."

A nan sai na yi bayani. Lorna ce mace ɗaya tilo da shugaban mawaƙan cocinmu ya taɓa roƙonta, da girman Allah, ta bar waƙa ta taimaka da raba littattafai a bakin ƙofa. Ita ma ta san dalili. Amma waƙar ba ƙarya ba ce, akwai ta: ta jadawalin bakwai, wadda ta ƙirƙira tun Thea na ƙarama.

Ta gyara murya ta ɗauka. "Bakwai sau ɗaya bakwai ne, bakwai sau biyu sha huɗu!" Muryar ta fito kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Karen gidan ya tashi daga gaban murhu ya fice. A bakwai sau biyar ta haura sama inda ba ta da ikon zuwa, ta maƙale a can. Kunya ta kama ta har kunnuwanta suka yi ja, amma ba ta tsaya ba, har da tafi. A bakwai sau takwas Misis Dunkle ta fara laluben biro a jaka.

"Ya isa, ya isa, na gamsu."

"Akwai jadawalin takwas da na tara," in ji Lorna tana haki.

"Na ce na gamsu, baiwar Allah!" Ta rattaba hannu da sauri har biron ya huda takarda. A bakin ƙofa ta dafa kafaɗar Thea ta ce, "Sannu, 'yata. Allah ya ba ki haƙuri."

Da mota ta tashi, Gil ya tuna da wani aiki na gaggawa a gareji. Aka bar uwa da 'ya a falo. Lorna ta shiga tattara kofuna ba ta kalli kowa ba.

"Ni nake fitar da shara ran Talata, Mama," in ji Thea. "Na ga takardar kogunan nan."

Lorna ta ajiye kofin. "Na zubar da su ai."

"Na gani. Kwana uku ina jira ki fara."

"Saura ƙiris. Babanki ya kusa karya mini ɗan yatsa." Ta zaro wayar ta miƙa mata. "Akwai bidiyo. Ta taga na ɗauka, kamar ɓarauniya. Goge shi da hannunki."

Thea ta kalle shi har ƙarshe, ta ɗan yamutsa fuska a wani wuri da ita kaɗai ta san abin da ya faru, sannan ta goge. Ta dubi agogo.

"Ƙarfe uku zan tafi. In kina so ki zo. Amma ba tambaya, ba 'ko kin san cewa'. Kuma a kan hannayenki za ki zauna, don na san ki, za ki nemi biro."

Haka kuwa aka yi. Misis Pavlik ta ja mata kujera kusa da murhu, Lorna ta tura tafukanta ƙarƙashin cinyoyi ta zauna a kai. Thea ta saɓa igiyoyin a kafaɗa, ta ja numfashi, ta fara.

Can tsakiya kiɗan ya yi wata karkata, tsohuwa ta ce "A'a!", Thea ta ce "Na sani, na sani," ta koma baya ta gyara. Lorna ta kasa kunne iyakar iyawarta, ba ta ji bambancin na farko da na biyu ba. Ko kaɗan. Tunda ta haifi yarinyar nan, yau ce rana ta farko da ta ga tana yin abin da ita ba ta san kansa ba, ba ta da gyara, ba ta da ƙari, kuma abin ya yi kyau har ya fi ƙarfinta. Hawaye suka zubo mata, suka gangara har haɓa, hanci ma ya shiga yoyo. Ta motsa za ta share, Thea ta harare ta ta saman akodiyon, ta mayar da hannun inda yake.

Misis Pavlik ta miƙa hannu ba tare da ta daina buga cokalinta ba, ta jawo tsumman goge kwanuka, ta share wa Lorna fuska da shi.

"Fyace," ta ce.