Kujerun da Tsinke Ya Zaɓa

Ranar da Tsinke ya fara ɗaga ƙafa, ranar zaman lafiya ya ƙare a shagonmu. Kafin nan kwikwiyo ne kamar kowane kwikwiyo. Ya je bayan sito ya tsuguna ya yi fitsarinsa, ya dawo ya kwanta cikin tarin ƙyallaye, ba ruwansa da kowa.

Sana'armu kujeru. Baba ne ya buɗe shagon tun ba a haife ni ba. Ni ke yanka yadi da ɗinki, Yaya kuma ya haɗa katako, ya sa soso, ya kai wa mutane kayansu a motar shago. Muna yin sababbi, muna kuma karɓar tsofaffi mu sake musu yadi. Gidanmu yana saman shagon. Tun da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye ya daina saukowa. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, mu ma mun yi lallashin har mun gaji, ya ƙi ƙememe. Abin da ya sauko da shi wani kwikwiyo ne da na tsinta a bayan sito, ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa, shi ya sa Baba ya raɗa masa Tsinke. Wai mu ba mu iya ba shi abinci ba. Daga nan kullum da safe sai ya dafa bango ya biyo matakala yana jan ƙafa. Ƙa'idarsa ce kare ba ya hawa sama, don haka in yana son ganinsa dole shi ya sauko. In ya sauko kuwa sai ya wuni a bakin ƙofa yana yi mana gyara a aikin da ba mu tambaye shi ba. Na san sarai in babu karen nan, tsohon nan ɗaki zai koma.

Da Tsinke ya kusa shekara sai ƙirjinsa ya buɗe, muryarsa ta yi kauri, ya fara yawo a shago kamar shi ya gina shi. Wata safiya ina kan keken ɗinki na gan shi ya nufi wata sabuwar kujera, ya sansana ta sama da ƙasa, ya juya gefe, ya ɗaga ƙafa ya ɗiga mata fitsari. Ba wani mai yawa ba, bai fi cikin cokali ba. Ya gama ya kalle ni yana kaɗa wutsiya, sai ka ce albashi yake jira.

Ba zan ɓoye ba, ni na fara jifansa da takalmi. Yadin nan mai ruwan madara ne, ni na ɗinka shi, kuma gidan mutane za a kai inda ake zama ana sallah. Na farke wajen, na wanke, na sake wani. Washegari ya koma kujerar dai. Aka kawo wasu, ya zaɓi nasa a ciki ya yi musu. Na share, na goge, na zuba duk wani abin ƙamshi da ake sayarwa, zarni dai yana nan. Abin takaici, fitsarinsa na gaske har yanzu a bayan sito yake yi. Wannan na cikin shago daban ne, kamar wanda yake buga hatimi.

Yaya ya ɗauki abin da zafi fiye da ni. Ya kama shi ya goga masa hanci a wurin, ya zane shi da guntun tiyo, ya ɗaure shi a rana. Baba ya yi faɗa daga bakin ƙofa, ya ce duk namijin kare haka yake yi in ya tasa. Yaya ya yi kunnen uwar shegu. Da wata malamar makaranta ta dawo mana da kujerarta ta ce tana wari, sai ya samu abin da yake nema. Ya ce karen nan ya lalace, ciwon mara ne da shi ko kuma iskanci, kuma kafin mako ya fita zai san inda ya kai shi. Na ce ya bari in tambayi masu sani. Ya ce in tambayi duk wanda na ga dama.

Na je wajen likitan dabbobi ni kaɗai, don Tsinke ba ya shiga motar haya. Na zayyana masa komai. Ya yi dariya ya ce ba ciwo ba ne, girma ne. Namijin kare in ya balaga yana sa alama da fitsari don sauran karnuka su san wurin da mai shi, kuma ya fi yi a kan abin da ke tsaye, musamman inda ya ji warin wani karen. Duka ba ya hana shi, sai dai ya ƙara masa fargaba ya ƙara yi. Ya ce in an yi masa dandaƙa abin yakan ragu, a kuma raba shi da wajen kaya. Sannan ya tambaye ni ko akwai karen da ke shigo mana. Na ce babu, shagon a katange yake.

"To waɗanne kujeru yake zaɓa?" in ji shi. "Tsofaffin da ake kawo muku gyara?"

Na ce har da sababbi fil, waɗanda ba su taɓa shiga gidan kowa ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce hancin kare dai ba ya ƙarya, in je in duba.

Duk hanya maganar nan tana cina. Da na dawo babu motar shago, babu Yaya, Baba kuma ya hau sama ya kwanta. Na tsaya a gaban wani sabon saiti da muka gama. A cikinsa doguwar kujera kawai Tsinke yake yi wa, ƙananan ko kallonsu ba ya yi. Yadi ɗaya ne, ni na yanka. Katako ɗaya ne. Abin da ban gani da idona ba shi ne cikinta, don sa soso aikin Yaya ne, kuma da sassafe yake yinsa kafin in sauko. Na kifa ta, na sa reza na tsaga ƙasan.

Sabon soson bai kai kaurin yatsa ba. A ƙarƙashinsa tsohon soso ne, ya yi ja, yana marmashewa a hannu, ga gashin kare fari fat ya manne a jikinsa. Tsinke baƙi ne. Na gane soson ma. Daga kujerun wani gida mai manyan karnuka muka cire shi, wanda Yaya ya ce ya kai juji. Na tsaga wata da Tsinke ya taɓa yi wa alama, haka. Na tsaga wadda bai taɓa kusanta ba, soso sabo tas har ƙasa. Ashe duk dukan da dabbar nan ta sha, a kan ha'incin ɗan'uwana ta sha shi.

A nan na tuna Tsinke bai yi haushi ba da na buɗe ƙofa. Na leƙa bayan sito, igiyar tana nan, shi ba ya nan.

Yaya ya shigo yana kaɗa makulli. Ya ga kujeru a kife, ya ga soso a ƙasa, ya yi tsuru-tsuru. Sai kuma ya hau borin kunya, wai wa ya ba ni izinin lalata kaya, wai soso ya yi tsada, kowa haka yake yi, ni ina zaune a kan keke ban san yadda ake riƙe shago ba. Na bar shi ya gama. Na tambaye shi ina Tsinke. Ya ce ya ba wani mai gadi. Na ce wane mai gadi, mu je yanzu. Sai ya ce ya sauke shi a bakin babbar hanya, can bayan gari.

"Yaya, ka san abin da yake sansanawa?"

"Kare ne fa, Auta."

"Ba shi na tambaye ka ba. Lokacin da kake zane shi da tiyo, ka sani?"

Ya kawar da kai ya ce tun kujera ta biyu ya gane.

Ban san ina da irin wannan muryar ba sai ranar. Na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Na sa shi dole ya tuƙa ni zuwa wajen. Muka bi hanyar sama da ƙasa ina kiran suna har maƙogwarona ya bushe. Na tambayi masu facin taya, na tambayi masu sayar da mai. Wani ya ce ya ga baƙin kare yana bin wata mota da gudu, bai san inda ya ƙare ba. Na yi ta komawa ni kaɗai kwana da kwanaki. Ban same shi ba.

Baba bai buƙaci in faɗa masa ba, don daɓen saman namu na katako ne, ya ji komai. Washegari ya sauko, ya sa na tsaga duk kujerun da ke shagon a gabansa, ya sa Yaya ya bi gidajen da aka kai wa irinsu ya karɓo. Bai ɗaga murya ba, bai kuma kalli Yaya ba ko sau ɗaya. Da aka gama ya ce in kama shi ya hau. Tun daga ranar abinci ma sama nake kai masa. Ƙafar da ta fara ɗaukarsa ta koma sandarewa, ina gani, ba abin da zan iya.

Bayan 'yan makonni Yaya ya shigo da kwali ya ajiye a gefen kekena. Kwikwiyo ne a ciki, ja, mai tsabta, da gani saya ya yi. Ya ce in je in gaya wa Baba ya sauko ya gani, ko ransa ya yi sanyi. Har na ɗan ji tausayinsa, sai ya ƙara da cewa, "Wannan mace ce, ba ta ɗaga ƙafa."

Na kalle shi na rasa abin da zan jefe shi da shi. Na hau sama dai, don ba ni da ikon ɓoye wa tsohon. Na same shi a kwance, na ce Yaya ya kawo wani kwikwiyo. Ya tambaye ni namiji ne ko mace. Da na faɗa masa, ya juya fuskarsa bango ya ce in ja masa ƙofa.