Kwat ɗin Masinja a Ruwan Shayi

"Aro ka ce, Auta. Ka ce telanku zai auna ya ɗinka irinta, jibi ka dawo min da ita."

"Yaya, ki rage murya, akwai mutane."

Mutanen ni ce, ina bayan labule da dutsen guga, kuma ban motsa ba. Shekara tara ina gugar kayan 'yan wasa a gidan wasan kwaikwayon nan, ban taɓa samun kallo kyauta irin na ranar ba.

Auta shi ke tsara mana dandamali da suturar 'yan wasa. Wannan karon wasan a kan mahaifinsu ne, tsohon masinjan ofis, Allah ya jiƙansa. Abin da ya rage na bawan Allahn nan kwat ce ɗaya ruwan toka, shekara sha ɗaya yayar Auta na ɓoyonta a ƙasan akwati. Tela ya ɗinka irinta, Auta ya ce sabon yadi ƙyalli yake yi a gaban fitila. Sai ya ɗauko ta ainihin ya yi mata abin da muke yi wa kaya in ana so su tsufa: a jiƙa a ruwan shayi, a goge gwiwar hannu da takardar goge katako, a cire maɓalli, a ɓarka aljihu. Shayin ma ni na dafa. Amma gulma ban kai ba. Haɗuwa kawai muka yi da yayar a bakin asibitin da take aikin nas, na tambaye ta ko marigayi dama da yagaggen aljihu yake yawo.

Ga ta yanzu a tsakiyar ɗakin iyayensu da Auta ya gina da falanki a kan dandamali, kwat ɗin a hannunta.

"Mutumin da ke goge kwat ɗin nan da kansa kowace asuba? Ko zare bai taɓa bari ya leƙo ba. Kai kuma za ka fito da shi gaban jama'a kamar wanda aka tsamo daga kwata."

"Ke kin san shi yana aiki. Ni da na yi wayo an riga an sallame shi. A kujera na san shi, yana kallon bango."

"Ko a kujerar da gogaggiyar kwat yake zama."

"Ban tuna haka ba."

"Shekararka nawa lokacin, bakwai? Me ya hana ka tambaye ni?"

"Da na tambaya za ki yarda?"

Ta kai kwat ɗin hancinta ta shaƙa, ta sake shaƙa. Nan ne ni ma na ji kunya ta ɗan taɓa ni.

"Da akwai ƙamshinsa a wuya," ta ce a hankali. "Kowace shekara nakan buɗe."

"Inna mai guga za ta wanke, a mayar da maɓallin."

Ji yaro, da ni zai fake.

Ta ninke kwat ɗin tsaf, hannu kan hannu, ta ɗora masa a ƙirji.

"Riƙe, ka sa wa ɗan wasanka. Wannan ta babanka ce. Ta nawa uban ka riga ka kashe ta."

"Yaya, kujerar gaba na ajiye miki ranar buɗewa."

"Ba wa Inna, ita ke son kallo."

Ta ɗauki jakarta, ta ratsa ta gabana ko dubana ba ta yi ba, ta fita ta buga ƙofa har bangon falankin ya girgiza.