Kunnen Pindok

Pindok ba ya riƙe taru. Aikinsa saurare ne. Shekara talatin yana wucewa gaba a ɗan kwale-kwalensa mai cin mutum ɗaya, ya tsoma filafili a ruwan Miani Hor, ya kara kan filafilin a kunne. Akwai wani babban kifi mai gurnani a ƙasan tafkin nan da teku ke ciyarwa, kuma sautinsa yana hawowa ta cikin icen. Inda Pindok ya ɗaga hannu, nan mutum tara na babban jirgi suke zuba taru. Kaso biyu ake ba shi, shi da bai taɓa jan igiya ba.

Matsalar ita ce kunnen ya mutu. Na hagu ya tafi tun bara, na dama ya bi shi a hankali. Matarsa Mahganj kaɗai ta sani, don ita ce take kiransa sau huɗu kafin ya juyo ya karɓi shayi. Ta ce ya faɗa wa mutanen jirgin tun da girmansa. Ya ce ta ji da tukunyarta.

Da rani bai sha wuya ba. Ya san launin ruwa, ya san inda tsuntsaye ke sauka, sai ya kara filafili don idon mutane, ya nuna wurin da ido ya ba shi. Amma da hunturu kifi kan nutse can ƙasa neman ɗumi, saman ruwa kuwa ba ya gaya wa kowa komai. Kwana shida a jere suna jawo taru da ciyawa da ƙaguwa.

Ran na bakwai iskar arewa ta taso da hantsi, irin mai shiga ƙashi. Mutanen jirgi sun naɗe kai da mayafi, hannuwa sun tsattsage. Lal Bakhsh, ɗan ƙanwar Pindok kuma shugaban jirgin, ya matso kusa.

"Kawu, ko kifin ne suka yi azumin magana?" ya ce da ƙarfi, sauran suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Pindok ya taɓa jin cewa haƙori ma yana ɗaukar sauti. Ya juya musu baya, ya ciji kan filafilin. Ya kuwa ji wani abu, ƙaf-ƙaf-ƙaf. Ya soma ɗaga hannu, sannan ya gane haƙoransa ne ke karo da juna don sanyi. Kunya ta rufe shi. Ya dubi mutanen nan tara, kowanne da bakunan da ke jiransa a gida, suna shirin sake tsoma hannu a ruwan nan a kan maganarsa.

Ya sauke hannun, ya tuƙa zuwa gefen jirgi.

"Lalu, kada ku zuba. Ba na ji. Na fi shekara ba na ji."

Lal Bakhsh ya durƙuso a bakin jirgin, ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa babba don kada a tozarta shi a gaban mutane. Pindok ya zuba wa leɓɓansa ido. Bai san ko sallamarsa ake yi ba, ko haƙuri ake ba shi. Da yaron ya gama, sai Pindok ya gyaɗa kai.