Fallen da Aka Sa a Ƙarƙashin Mota

Ƙanensa mai walda ne ya kawo shawarar. Ya shiga ramin gareji ya haska masa ƙarƙashin motar, duk ƙarafa da bututu a fili, ya ce iska a nan take maƙalewa tana jan motar baya, shi ya sa take shan mai kamar an huda tanki.

"Yaya, in muka shimfiɗa mata fallen alminiyum daga gaba har baya, iskar zamewa za ta yi ta wuce. Sai dai zan bar wajen salansa, bututun hayaƙin nan, a buɗe."

"Aikin rabi da rabi ke nan. Rufe duka. Ko hannunka ne ya gaji?"

"Hannuna lafiya lau. Motarka ce ta girmi aurenka, salansar nan duk tsatsa ce."

"Ni dai rufe."

Ƙanen ya ɗaga kafaɗa, ya rufe.

Da yayan ya hau babban titi, abin da ya fara lura da shi shiru ne. Kukan iskar da ya saba ji a ƙarƙashin ƙafarsa ya ɗauke, motar tana sulalawa kamar ba ta taɓa ƙasa. Ya so ya yi murna, amma sai ya riƙa jin kamar ya shiga ɗakin da mutane suka yi tsit saboda shigowarsa.

Kullum da safe shi ke kai 'yarsa Auta makaranta kafin ya wuce aiki, kuma hanyar da nisa. Yarinya ce mai surutu, ba ta barin allon talla ya wuce ba ta karanta shi da ƙarfi ba. Yanzu kuwa kafin su kai gada ta yi barci. Malamarsu ta aiko cewa tana zuwa da ciwon kai.

"Ka dai duba ta," in ji uwarta. "A gida garau take, sai ta shiga motar nan taka."

Ya tambayi Auta ko wani abu na damunta. Ta ce babu, sai dai wanda yake ƙarƙashin kujera.

"Wane ne a ƙarƙashin kujera?"

"Ban gan shi ba, Baba. Hura mini numfashi yake yi a ƙafa. Da ɗumi."

Ya yi dariya don kada ta ga fuskarsa. Da yamma ya leƙa ƙarƙashin kujerar, bai ga komai ba sai murfin biro da tsohuwar tabarmar roba. Ya durƙusa ya dubi fallen. Sumul yake, yana ƙyalli, babu ko kafar da ɗan yatsa zai shiga.

Washegari aka tashi da ruwan sama. Ya ɗage gilasai duka, ga cunkoso tun daga gindin gada, motoci sun tsaya cik. A cikin shirun nan ya ji shi. Huf, huf, huf, a hankali, daga ƙasa, yana tafiya daidai da bugun inji. Ya so ya juya, wuyansa ya yi nauyi. Ya dubi hannuwansa a kan sitiyari kamar na wani ne aka ajiye masa. Motar gabansa ta matsa, na baya suna ta hon, amma ƙarar tana zuwa masa daga nesa, kamar kansa na cikin ruwa. Wani barci mai daɗi yana lallashinsa.

A madubi ya hango Auta. Ta kife a kan kujera, hannunta ɗaya yana lilo.

"Auta."

Ba ta motsa ba.

"Auta, karanta mini allon can."

Bai san yadda ya buɗe ƙofa ba. Ya dai tsinci kansa a kan gwiwoyinsa a kwalta, ruwa na dukansa. Ya rarrafa ya buɗe ƙofar baya, ya jawo ta. Ƙafarta ta ja tabarmar robar, sai ga ramin tsatsa a daɓen motar, hayaƙi siriri yana fitowa ta ciki yana hawa. Salansar ta fashe, fallen ya tare hayaƙin, bai sami hanya ba sai sama.

Ya kwantar da ita a gefen titi yana jijjiga ta, yana kiran sunayen da yake kiranta tun tana goye. Jikinta sakwaf. Ruwa ya cika mata fuska. Can ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta yi amai a rigarsa.

Ta buɗe ido da ƙyar. "Baba, jakata tana ciki."

Ya waiwaya. Motar na tsaye a tsakiyar titi, ƙofofi a buɗe, inji na aiki, waifa na share gilashi ba kowa a ciki.

"Bar ta," ya ce.

Ya saɓa ta a kafaɗa, yana tangaɗi, ya tare wata mota ya ce a kai su asibiti, kuma a sauke gilashi.